Damagaram: Birni na zubewa muna kallo

Jama'a, kullum muna alfahari cewa Damagaram ce babban birnin Nijar kafin Nasara su maida mulki Yamai a 1926. Gaskiya ne. Amma tun kafin su ci garin a 1899, Sarki Tanimun ya zagaye Birni da ganuwa, har igwa ake ƙerawa a nan, ayarin raƙuma na tashi daga Zango zuwa Tarabulus.

To yau fa? Ganuwar sai ɗan abin da ya rage, a daminar 2024 kuma ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara, kirari ba ya tsaida shi. Tsakanin mu da meri da fada, wa zai fara kwaɓa ƙasa kafin hadari ya sake haɗuwa?