Bayan ficewa daga IPPIS: Wa ke riƙe da makullin albashi?

A watan Disamban 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na tarayya daga tsarin biyan albashi na IPPIS, bayan shekaru ƙungiyar ASUU tana ƙorafi a kansa. A Jihar Kebbi, matakin ya shafi Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Shirya jadawalin albashi ya dawo hannun makarantun, tare da tambayar da ba a cika yi ba: wa ke da izinin taɓa rumbun bayanan?

Tarihi ya nuna nauyin tambayar. A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, ƙarƙashin Kemi Adeosun, ta sanar da cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi bayan tantancewa da lambar BVN, abin da ya rage kashe naira biliyan 2.29 a wata. Kwamfuta ba ta ƙirƙirar suna da kanta. Sai mai izini ya shigar.

Maganin da masana harkar ke bi shi ne rarraba izini rukuni-rukuni. Maimakon a damƙa wa mutum ɗaya ikon komai, ko ofis guda ya riƙa amfani da kalmar sirri ɗaya, sai a ware rukunin masu shigar da suna, da na masu amincewa, da na masu tura kuɗi, da na masu bincike waɗanda dubawa kawai za su iya. Izini na bin rukuni ne, don haka ranar da aka sauya wa ma'aikaci wurin aiki ko ya yi ritaya, cire sunansa daga rukunin ya isa a rufe masa ƙofa. Na'urar kuma tana ajiye bayanin wanda ya taɓa me, da lokacin da ya taɓa.

'Yan kasuwa sun daɗe da sanin wannan hikima: yaron shago na sayarwa, amma makullin sito na aljihun maigida.

Tsarin na iya rushewa ta hanya biyu. Idan aka saka mutum ɗaya a rukunin shigarwa da na amincewa, an bai wa kura ajiyar nama. Idan kuma babban jami'i ya miƙa wa akawunsa kalmar sirrinsa don gudun wahala, bayanin da na'ura ta ajiye ya zama shaidar zur.

Lamarin bai tsaya ga ma'aikata ba. Albashin nan ne ke biyan bashin shinkafa da kayan masarufi a kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu duk ƙarshen wata. Ya kamata majalisun gudanarwar makarantun da ƙungiyoyin ma'aikata su riƙa neman jerin sunayen 'yan kowane rukuni a kai a kai, su tabbatar babu sunan da ya fito sau biyu.