Kada a ɓoye kuɗin aiki ƙarƙashin linzamin kwamfuta

Matasan da ke aiki da ƙungiyoyi da ma'aikatu a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun fara ƙwarewa wajen mayar da jadawalin Excel zanen alƙaluma mai ban sha'awa. Ka ɗora linzamin kwamfuta bisa ginshiƙi ko ɗigo, sai ɗan akwati ya buɗe da ƙarin bayani. Wannan ci gaba ne, kuma ya dace a yaba. Sai dai ana soma amfani da wannan dabara ta hanyar da ke rage wa jama'a sani, maimakon ta ƙara musu.

A ce ƙungiyar 'yan wani gari mazauna Abijan, Legas ko Faransa ta tara kuɗi don haƙa rijiyoyi 10. Mai kula da aikin zai shirya jadawali, kowace rijiya da layinta: sunan ƙauye, kuɗin da aka ware, kuɗin da aka fitar, inda aiki ya tsaya da ranar da aka je aka duba. Daga nan ake fitar da zanen. A Excel, akwatin da ke buɗewa kan nuna sunan jerin da adadinsa ne kawai. Mai son ya ƙara sunan ɗan kwangila ko dalilin jinkiri, sai ya rubuta ɗan umarni da VBA, ko ya koma ga Power BI ko Datawrapper, waɗanda ke ba ka damar zaɓen abin da akwatin zai ƙunsa.

Matsalar ita ce, wa zai ga akwatin? Umarnin VBA ba ya aiki a Excel na wayar salula. Wayar kuma ba ta da linzami, sai dai a taɓa da yatsa, in ma mai karatu ya san ana taɓawa. Mafi muni, yawancin rahotanni a wajenmu hoto ake ɗauka a tura ta WhatsApp. Da zarar zane ya zama hoto, duk abin da aka ajiye cikin akwatin ya ɓace. Wanda ya aiko da guminsa daga ƙasar waje zai ga dogon ginshiƙi kore mai nuna miliyoyin Sefa da aka kashe, ba zai ga cewa rijiyar ba ta kai ga ruwa ba.

Don haka abubuwa uku su fito fili a fuskar zanen: nawa aka ware, nawa aka kashe, ina aiki ya kai. Excel na ba da damar ɗauko rubutu daga jadawali a manna shi kusa da kowane ginshiƙi, ba sai an taɓa komai ba. Akwatin ya zama wurin ƙarin haske, kamar ranar sa hannu a kwangila. Ginshiƙai kuma su tashi daga sifili, domin in an fara daga 80, bambancin 85 da 90 sai ya yi kama da ninki biyu.

Sannan a saki jadawalin kansa tare da zanen, a Google Sheets ko wani fayil da kowa zai iya buɗewa ya sake lissafi. Tun 2011 Nijar ta samu dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanan hukuma da takardunta. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin jama'a, ko na masu tallafi ne ko na 'yan uwa, bai kamata ta gaza hakan ba.

Ku da ke turo kuɗi gida, in an aiko muku zane mai kyau, ku yi godiya, sannan ku nemi jadawalin. Mai gaskiya ba zai ɗauki minti biyar bai turo ba.