Hirar Zaure: Dogara Ga Allah Bayan Gida Ya Faɗi

A watan jiya na yi muku alkawari za mu yi zancen bashi da amana tsakanin 'yan kasuwa, amma ku yi mini gafara, yau wani zance ya sha gabansa.

Ran nan bayan sallar Juma'a na gamu da wani dattijo, tsohon maƙwabcina a Karantina, wanda ya yi shekaru yana sayar da turare da carbi. Na tambaye shi inda ya mai da kanti. Ya ce babu kanti, babu kuwa niyyar sake wani, shi ya bar wa Allah. Da na matsa masa sai ya ce, "Malam, shekara nawa muka yi muna dogara ga Allah a unguwar nan? Ga shi katafila ta zo ta share ta." Maganar nan ta hana ni barci, gama na san ba shi kaɗai ya ke ɗauke da ita ba, shi dai ya faɗa ne.

Kowa ya san abin da ya same mu. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 hukuma ta rushe unguwanni da yawa na Jidda, har da Gulel da Fetromin da Karantina tamu. Mutum ya wayi gari ya ga an rubuta wa bangonsa kalmar ihla'i, watau a tashi. Muka watsu, waɗansu Makka, waɗansu bayan gari inda haya ta yi tsada, waɗansu kuwa suka koma ƙasashen da kakanninsu suka baro. Ban zo yin shari'a da kowa ba a wannan shafi. Tambayar dattijon nan ce na ke so mu duba.

Ina da wani aboki Bazazzagi, Kirista ne, mutumin Wusasa, wanda ubansa da ubana suka yi cinikin goro tare a Zariya. Da ya ji an rushe unguwarmu sai ya bugo waya ya yi mini jaje, ya ce su ma mutanensu sun taɓa rasa gari ɗungum. Ga labarin.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya yawaita wa'azi a kan Annabi Isa, har aka kashe shi a kasuwa saboda haka. Almajiransa suka gudu wajen Ningi, aka riƙa kiransu Isawa. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo Zariya wurin Likita Mila, Baturen Mishan wanda ya zauna a cikin birni tun 1905, suka shiga addinin Kirista. Aka ba su wuri a Gimi ta ƙasar Zazzau. Suka sare daji, suka yi gonaki da makaranta da ɗakin ibada, suna ganin wahala ta ƙare. Ashe wurin akwai ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga musu, ya kashe da yawa, tilas waɗanda suka ragu suka bar gidajen da suka gina da hannunsu, suka bar kaburburan 'yan'uwansu, suka komo Zariya. A 1929 Mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, can aka sake sabon gini tun daga tushe, aka yi majami'a ta ƙasa irin ginin Hausa, da makaranta, da asibiti.

To, ku dubi abin da ɗan ƙauyen nan ya fitar. Daga can aka sami Dokta Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita. Daga can aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Da waɗanda suka tsira daga Gimi sun naɗe hannu sun ce Allah ya yashe su, da ba a ji labarin Wusasa ba.

Na tambayi abokin nan nawa, me ya riƙe su? Ya ce abin da su ke kira bangaskiya. Ya ce a gidajensu, kafin kowa ya fita nema da safe, sai a taru a karanta kaɗan daga Littafinsu, wanda aka buga dukansa da Hausa a 1932, sa'an nan a yi addu'a. Akwai kuwa wurare uku da su ke yawan komawa in abu ya tsananta. Na ɗaya labarin Annabi Ibrahim, da aka umurce shi ya bar ƙasarsu ya kama hanya bai san inda za shi ba. Na biyu wa'azin da su ke karantawa a Linjila a kan tsuntsaye, waɗanda ba su da gona ba su da rumbu amma ba su rasa abinci. Na uku wata sura ta Zabura inda a ke kwatanta kulawar Ubangiji da ta makiyayi ga garkensa. Ya ce tsofaffinsu sukan jawo hankalin yara cewa ko a surar nan ba a ce garken ba zai bi ta mugun wuri ba, an dai ce ba shi kaɗai zai bi ba.

Mu da su mun saɓa a kan manyan abubuwa na aƙida, kowa ya san inda ya tsaya, ba kuwa wannan zance na kawo ba. Amma da na ajiye wayar sai kunya ta kama ni, domin abin da maƙwabci ya tuna mini duk yana cikin jakata, ni ne na manta. Mu ma malamanmu sun karantar da mu misalin tsuntsu a babin tawakkali, suka ce mu lura, tsuntsun nan da ya ke komowa da ƙoshi da maraice, sai da ya bar sheƙa da safe. Sun karantar da mu labarin mai raƙumi da aka umurta ya ɗaure abinsa tukuna sa'an nan ya dogara. Mu kuwa da mu ke zaune a ƙofar Makka, wa zai ba mu labarin Nana Hajara? An bar ta da jariri a kwarin da babu shuka, ta sallama wa Ubangijinta, amma duk da haka ta yi ta kai da komo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai. Ruwan bai ɓullo inda ta ke gudu ba, wajen yaron ya ɓullo. Amma gudun nan nata ne Allah ya mai da shi ibada, har yau muna yinsa.

Ku tuna kuma da yadda muka zo nan. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga Kano da Katsina da Damagaram, suka bi ta Barno, suka ratsa Wadai da Darfur, suka isa Ubayyid. In guzuri ya ƙare sai su tsaya su yi ƙodago, su tsinci auduga a Jazira, su tara kuɗin jirgi, sa'an nan su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Wani ya yi shekara biyar a hanya, wani goma, wani a hanyar aka haife shi. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira ba su zauna kuka ba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja su gabas, suka kafa gari a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, yana nan har yau da sunansa. Ita kanta Karantina, sunanta ya samo asali ne daga wurin da a ke tsare alhazai a duba lafiyarsu kafin a bar su su wuce. Watau tun fil azal zango ce. Mu ne muka daɗe a ciki har muka manta, Hausawa kuwa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: mun zauna da jin daɗi har ya shafa mana tsoron tashi.

Saboda haka ga amsata ga dattijon nan, da duk mai irin tunaninsa. Ba a taɓa yi wa mai dogara ga Allah alkawari bangonsa ba zai faɗi ba. Annabawa ma an fitar da su daga garuruwansu. Inda a ke gane tawakkali shi ne washegarin faɗuwar, ko mutum zai tashi ya ɗauki faranti ya kasa turarensa a bakin masallaci, ko kuwa zai kwanta ya kira kasala da sunan ibada. Allah ya ce tashi in taimake ka, in ji masu iya magana.

Amma fa kada mu ɗora wa wanda ya faɗi laifi mu wuce. Mutanen Gimi ba ɗai-ɗai suka tashi ba, tare suka tashi. Ina roƙon abu huɗu. Na farko, kowane mai gida ya aiko wa magatakardan ƙungiya da sunan unguwar da ya koma, don a san inda za a kai gaisuwar mutuwa da ta suna. Na biyu, manyan 'yan kasuwa da Allah ya tsare wa jari, kowa ya ɗauki mutum ɗaya da ya rasa kanti ya ba shi kaya bashi, a rubuta, a sa shaidu. Na uku, a farfaɗo da adashen ƙungiya, kwasar fari a ba gwauraye mata masu marayu saboda kuɗin haya. Na huɗu, wanda iƙamarsa ta kusa ƙarewa ya bi hanyar hukuma tun da wuri, ya guji masu cewa a kawo riyal kaza su gyara ta bayan gida. Ɗaurin raƙumi ke nan a zamaninmu.

Shi kuwa maƙwabcina, na riga na yi magana da wani mai turare ya ba shi kwalba goma sha biyu ya fara da su. Ya ce zai yi shawara. Ku da kuka san shi, in kun gan shi ranar Juma'a da faranti, kada ku tsaya jaje, ku sa hannu a aljihu ku saya.

Allah ya ba mu haƙuri da himma, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin. Zancen bashi da amana sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.