Wa'adin Wata Biyu

Akwai wata doka a Kudu wadda yawancin 'yan'uwanmu mazauna Sabon Ibadan da Shagamu da Anacha ba su taɓa jin labarinta ba, alhali kuwa tana iya sa mai laifi ya tafi salin alin. Tsohon kundin laifuffuka da Turawa suka kafa a 1916 ya yanke, a sashe na 218, ɗaurin rai da rai ga wanda ya lalata yarinya 'yar ƙasa da shekara 13. Amma sai sashen ya ƙara da cewa lalle a fara shari'ar cikin wata biyu daga ranar da aka aikata laifin. Haka ma sashe na 221, mai maganar waɗanda ba su kai 16 ba.

Mutumin Shira, ko Yana, ko Disina, ba shi da dalilin sanin wannan, domin kundin Arewa na 1959, wanda ya bayyana fyaɗe a sashe na 282, bai sa irin wannan wa'adi ba. Saboda haka in abin ya auku, uba yakan bi al'adar gida: a rufa asiri tukuna, a aika Azare a ji ta bakin manya, a yi ta zama a zauren Sarkin Hausawa ana neman sulhu. Ita yarinyar ma, don tsoro, sau da yawa ba ta buɗe baki sai ciki ya bayyana. Kafin nan wata biyu sun shuɗe, lauyan wanda ake tuhuma kuwa ba ya bukatar musanta kome, kalanda kawai zai nuna wa alƙali.

Mu a namu ganin, wannan wa'adi ba ya kare kowa sai mai laifi. Jihar Legas ta yar da shi a dokarta ta 2011. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ba ta da shi. A 2020 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin Sanata Oluremi Tinubu na soke shi. Me sauran majalisun jihohin da ba su taɓa sashen ba suke jira?

Kafin su farka, muna kira ga Sarakunan Hausawa da limaman zango: wannan magana ba ta sulhu ba ce. A kai yarinya asibiti cikin awa 72, lokacin da maganin riga-kafin ƙanjamau yake aiki, a kai ƙara ga 'yan sanda a ranar, a kuma matsa har ta isa kotu. Saƙon gida ya biyo baya.