A Tattaro Taswirorin Batsari da Safana Tun Dattawa Suna Raye

Duk wanda ya san Batsari da Safana shekaru ashirin da suka wuce, in ya koma yau, zai tarar gidaje sun cinye gonakin bayan gari, unguwanni sun tsiro a inda ake shuka gero da rogo, kuma da yawa daga mazaunansu mutanen ƙauyukan gefen dajin Rugu ne, waɗanda fitinar 'yan bindiga ta raba da muhallansu. Sauyi irin wannan, in ba a ɗaure shi a takarda ba, mantuwa ce makomarsa, saboda haka nake ganin wajibi ne a tattaro tsofaffin taswirorin ƙasar nan, a kuma zana sabuwa.

Kada wani ya ce taswira bidi'ar Nasara ce, domin tun a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan mai yawon bincike Clapperton taswirar ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinsa. A 1853 kuma wani Baturen, Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya rubuta labarin garuruwa masu ganuwa da kufai a cikin daji, a zamanin da yaƙi tsakanin masarautar Katsina da Katsinawan Maraɗi ya hana talaka barci. Bayan su sai rahotannin haraji na joji-joji da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, sai taswirorin safiyo da aka zana daga hotunan jirgin sama, sai hotunan tauraron ɗan'adam.

In aka jera waɗannan bisa tartibin shekarunsu, mai hankali zai ga inda bakin gari ya tsaya a kowane zamani, da inda burtali ya bi kafin gona ta toshe shi, da faɗin makiyayar Ruma da Kukar Jangarai lokacin da Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya a 1965, da abin da ya rage mata yanzu. Fa'idar wannan ta wuce ta tarihi. Ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya, mutane suka koma kufansu, za su tarar an sare itacen da ke nuna iyaka, gambar da ta raba gona da gona ta mutu, dattijon da ya san mirasin kowane gida ya riga mu gidan gaskiya. Alƙali kuwa ba ya hukunci sai da bayyina, in babu ita, wanda ya fi ƙarfi ko kuɗi shi zai rinjayi maraya da bazawara. Haka nan sababbin unguwanni, in ba a fitar masu da hanyar mota da magudanar ruwa da filin makaranta da maƙabarta tun yanzu ba, gobe sai da rusau.

Gaskiya ne Turawa sun yi aikinsu ne domin haraji, sun kuma karkatar da sunayen garuruwa da yawa, amma maganin wannan shi ne a zauna da dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo, a karanta masu, su gyara, a rubuta sunan kowane ƙauye da rijiyarsa da mashayarsa kamar yadda masu wurin suke faɗa.

Ina roƙon Sarkin Ruma da Yariman Katsina, hakiman Batsari da Safana, da majalisun ƙananan hukumomin biyu, su nemi malaman labarin ƙasa na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su ɗauki wannan amana, a ajiye kwafi a fadar kowane hakimi da kowace kotu, a fara da ƙauyukan da suka watse tun masu shaida suna da rai.