Sandar jirgin sama a hannun shofer

Hirarmu ta wannan mako ta wasa ce, amma wasa mai taɓa aljihu.

Wani yayana ɗan kasuwa ya dawo daga Kwatano da kayan ordinatar kwance. A cikinsu akwai sandar tuƙin jirgin sama ta wasa, da matakan ƙafa guda biyu. Ɗansa ɗan lise ya jona su don ya yi DiRT Rally 2.0, wasan tseren motocin daji da ya fito a 2019. Da an ba da izinin tashi, sai mota ta tsaya tana gurnani; idan ta motsa kuwa, itacen farko ne masauƙinta. Yaro ya yanke hukunci: sai an saya masa sitiyari na musamman. Uban ya ji farashi, ya aika aka kira ni, wai ɗan jarida ba ya rasa dabara.

Laifin ba na kaya ba ne. Matakan jirgi ba a ƙera su don mota ba. A haɗe suke: ka tura na dama gaba, na hagu ya dawo baya, domin aikinsu karkata wutsiyar jirgi. Wurin ordinatar, wannan motsi layi ɗaya ne tak. Wanda ya ɗora mai da birki a kansa ba zai taɓa taka su tare ba, alhali direbobin daji da ƙafar hagu suke taɓa birki, ta dama tana kan mai, don gindin mota ya zame a kwana. To amma yawancin matakan, irin su TFRP na kamfanin Thrustmaster, suna da wani motsi na biyu: kan kowane mataki yana lanƙwasawa idan aka danna da yatsu, wato birkin tayoyin jirgi. Waɗannan biyu kowane da layinsa. Nan maganin yake. Mai a yatsun dama, birki a yatsun hagu, layin wutsiya kuma a bar shi ba aiki.

Kafin a shiga wasan, a rubuta joy.cpl cikin Windows, a motsa kowane abu a ga alamarsa tana amsawa. A nan muka gano dalilin gurnanin: wasan yana karanta birki a juye, ƙafa ba ta taka ba, shi yana ganin an danne har ƙasa. Juya layin kawai aka yi.

Sandar ta fi wuyar sha'ani. Sitiyarin wasa kamar Logitech G29 yana juyawa digiri 900. Sanda kuwa ɗan taƙi take karkata dama da hagu. Motsin da bai kai faɗin yatsa ba ya isa ya jefa mota rami. Sai a rage mata ji a tsakiya, a bar ƙarfin juyi can gefe. Tsohuwar sanda kuma tana rawa ko ba a taɓa ta ba, don haka a ware ɗan fili a tsakiya inda wasan zai yi biris da ita, kaɗan dai, in ya yi yawa mota ta zama kurma. Canjin giya a sa shi kan maɓallan da ke ƙarƙashin babban yatsa.

Abin da sanda ba za ta bayar ba shi ne fizgar da sitiyari mai inji ke yi wa hannu idan taya ta fara zamewa. Wannan na faɗa wa yaron gaskiya. Na kuma faɗa wa uban kada ya ɗauka ɗansa ya kusa samun parmi.

Muna cikin gwaji yayana ya tuna mana cewa tseren Paris-Dakar na farko ya ratsa Agadas da Yamai a Janairun 1979, kuma mai shirya shi, Thierry Sabine, ɓatan da ya yi a Tenere a 1977 ne ya haifa masa tunanin. Tun da aka soke na 2008 tseren ya bar Afirka, ya koma Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma Saudiyya. Yaron bai ma ɗago kai ba. Ya kai ƙarshen zango karo na farko, ƙofa ɗaya a fizge, yana tambaya ko a ƙara rage wa sandar ji.