Gyaran hanyar Malbaza: aljihun wa za a taɓa?

Kowa ya san hanyar RN1, wadda ta taso daga Konni ta bi Tsarnawa, Malbaza da Galmi ta nufi Madawa. Duk damina sai ta buɗe baki, sai gardama ta tashi a tasha da majalisu. Wasu su ce aikin gwamnati ne, wasu su ce masu izin ɗin siminti su gyara tunda su ke cin moriyarta.

Bari mu fara da lissafi. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, kuma sabuwar izin ɗin kamfanin Malbaza Cement Company an gina ta ne don ta iya fitar da ton 650,000 a shekara. In ta yi aiki da cikakken ƙarfinta, kuma kowace kamiyo ta ɗauki ton 40, to kamiyo fiye da 16,000 ke nan a shekara, sama da 40 kowace rana. Ba mu ma ƙidaya motocin albasar Galmi da masu shigo da kaya ta iyakar Illela ba.

Abin da injiniyoyin hanya suka gano tuntuni shi ne ɓarnar kwalta ba ta tafiya daidai da nauyi. In ka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya sau biyu, ɓarnar takan ninku wajen sau 16. Ke nan babur da amalanke da motar haya kusan ba su taɓa kwalta ba. Kamiyo ɗaya da aka yi wa lodin ganganci ita ke cinye ta. Shi ya sa ni a ganina, duk tsarin da zai ce kowa ya biya kusan daidai a shingen kuɗin hanya, talaka ne ya ɗauki kayan mai ƙarfi.

Kuma doka tana nan. Ƙa'ida mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta har yanzu, ta ƙayyade nauyin da kamiyo za ta ɗauka. Ta kuma ce duk wurin da ke fitar da kaya sama da ton 200,000 a shekara ya kafa sikeli, a auna mota kafin ta hau hanya. Tambayar da ta kamata kantomominmu su riƙa yi ita ce: ana awon? Tarar da aka ci tana isa asusun gyaran hanyoyi na FER, ko a bakin hanya take ƙarewa?

Masu cewa ba a taɓa sa kamfani ya biya kuɗin hanya ba, su duba arewa da mu. Kamfanonin uraniyom sun sa kuɗi a hanyar Tawa zuwa Arlit, kuma a yarjejeniyar 2014 kamfanin Areva na Faransa ya amince da ba da yuro miliyan 90, wajen biliyan 59 na sefa, don gyaranta. Amma kowa ya ga yadda hanyar nan ta koma. Kuɗin da aka bayar sau ɗaya kwalta ce ta 'yan shekaru. Abin da ke riƙe hanya shi ne ɗan kason da ke shiga kullum, a kan kowane ton da ya fita.

Masu izin su ma suna da ta cewa. Suna biyan haraji, sun ɗauki yaranmu aiki, kuma a 2024 gwamnati ta rage farashin siminti, don haka ba su da damar ɗora sabon kuɗi a kan buhu yadda suka ga dama. Gaskiya ne. RN1 kuwa hanyar ƙasa ce, daga Yamai har Difa, ba za a ce kamfani ɗaya ya ɗauke ta ba. Gina ta na gwamnati ne. Amma mashigar izin, da wurin da kamiyoyi ke jerin gwano suna niƙe gefen kwalta a cikin gari, wannan ai na mai kaya ne.

Inda abin ya fi ciwo ma ba a kan kwalta yake ba. Hanyoyin jar ƙasa ne da ke fito da albasa daga garake zuwa bakin titi. Mota ta ƙi shiga, dillali ya karya farashi, albasa ta ruɓe a rudu. A nan ne ake buga wa 'yan ci-rani waya a ce su haɗo kuɗin marmara. Allah ya saka musu, amma kafin ku aiko da jikka ɗaya, 'yan uwa, ku nemi a faɗa muku nawa komin ke karɓa a kan kowane buhun albasa ranar kasuwa, da nawa daga ciki ya koma kan hanyar bara.